Shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri: Yadda Kotun Ƙoli Ta Soke Korar Ɗalibai

A ranar 2 ga Fabrairu, 1983, tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri. Ɗalibai kimanin 500, daga cikin kimanin 4,000 da jami'ar ke da su a lokacin, suka fito zanga-zanga, kuma kafin ƙura ta lafa an lalata dukiya mai yawa, an cinna wuta, an kwashi kayan mutane, an kuma ci zarafin wasu. Jami'ar ba ta cika shekara goma da kafuwa ba, domin a 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa ta a kan harsashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Arewa maso Gabas, kuma Farfesa Jibril Aminu ne ke shugabancinta tun 1980. Babu wani shugaban makaranta, ƙarama ko babba, da zai ga irin wannan ɓarna ya naɗe hannu, kuma babu wanda ya taɓa cewa hukumar jami'ar ta yi laifi don ta nemi gano masu hannu a ciki. Abin da aka shafe kusan shekara uku ana jayayya a kansa a kotuna uku shi ne hanyar da ta bi wajen gano su da kuma hukunta su.

Dokar da ta kafa jami'ar, wadda aka yi a 1979, ta ba shugaban jami'a iko a sashe na 17 cewa idan ya ga wani ɗalibi ya aikata rashin ɗa'a, yana iya hana shi shiga wasu harkokin jami'a, ko ya dakatar da shi na wani wa'adi, ko ya kore shi gaba ɗaya, kuma wanda aka dakatar ko aka kora yana da damar kai kukansa gaban majalisar gudanarwar jami'ar. Irin wannan sashe yana nan a dokokin jami'o'in tarayya har yau. Bayan tarzomar sai aka kafa kwamitin bincike da ladabtarwa, aka ɗora mataimakin shugaban jami'a a kujerar shugabancinsa, alhali shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta faɗa wa. Kwamitin ya zauna, ya saurari shaidu masu yawa, ya miƙa rahotonsa, kuma a kan wannan rahoto aka kori wasu ɗalibai daga ranar 30 ga Maris, 1983, wato ƙasa da wata biyu bayan faruwar abin.

Wasu daga cikin waɗanda aka kora suka garzaya Babbar Kotu da ke Maiduguri, kuma da sunan na farkonsu a takardar ƙara, Garba, aka san shari'ar a littattafan lauyoyi. Ba su je kotu don a bincika ko su waye suka cinna wuta ba. Sun je ne da sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979, wanda ya ce duk lokacin da za a yanke hukunci a kan haƙƙin mutum, ko da tsakaninsa da gwamnati ko wata hukuma ne, to yana da haƙƙin a saurare shi cikin adalci, cikin lokacin da ya dace, a gaban kotu ko wani zama da doka ta kafa, wanda aka tsara shi yadda zai zama mai cin gashin kansa kuma ba ya goyon kowane ɓangare. Kukansu ya ta'allaƙa ne a kan cewa ba a ba su cikakkiyar damar sanin tuhumar da ake musu da kare kansu daga gare ta ba, cewa shaidun da suka ambaci sunayensu sun yi magana ne a bayan idonsu ba tare da sun samu damar yi musu tambayoyi ba, da kuma cewa wanda ya shugabanci zaman yana da nasa ciwon a cikin al'amarin. Suka roƙi kotu ta bayyana korar a matsayin take haƙƙi, ta kuma umarci jami'a ta mayar da su karatu.

Babbar Kotu ta ba su gaskiya. Jami'a ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta juya hukuncin, inda ta ga cewa ba a tauye musu haƙƙin sauraro ba, kuma batun wanda zai zauna a jami'a da wanda za a kora harka ce ta jami'a, ba ta Babbar Kotu ba. Daga nan ɗaliban suka wuce Kotun Ƙoli, wadda a lokacin take Legas, da Cif Gani Fawehinmi a matsayin lauyansu.

Ya kamata a ba matsayin jami'ar nauyin da ya cancanta, domin ba hujja ce ta banza ba. Doka ce da kanta ta danƙa wa shugaban jami'a alhakin tarbiyya, kuma ta yi amfani da lafazi mai faɗi, wato idan shi ya ga an aikata rashin ɗa'a. Kwamitin ladabtarwa ba ya ɗaure kowa, ba ya cin kowa tara irin ta kotu. Iyakarsa ya ce wane bai dace ya ci gaba da zama cikin wannan al'umma ta masu neman ilimi ba. Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta ya san wahalar samun shaida bayan tarzoma: ɗalibin da ya ga abin da ya faru yana kwana ɗaki ɗaya da wanda ya aikata, ma'aikacin da ya gane fuska yana tsoron abin da zai biyo baya, kuma idan aka ce dole kowane mai shaida ya tsaya ido da ido da wanda yake zargi, da yawa za su kama bakinsu. Ga kuma matsi daga iyaye da ma'aikata da gwamnati cewa a yi wani abu cikin gaggawa domin karatu ya ci gaba. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma su ne har gobe suke sa shugabannin makarantu gaggawar yanke hukunci.

A ranar 14 ga Fabrairu, 1986, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, Mai Shari'a Andrews Otutu Obaseki ne ya rubuta jagoran hukuncin. Kotun ta soke abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi, ta dawo da nasarar ɗaliban, ta bayyana korar a matsayin wadda ba ta da tushe a doka.

Abu na farko da hukuncin ya tabbatar shi ne jami'a hukuma ce da doka ta kafa, saboda haka tana ƙarƙashin Tsarin Mulki kamar kowace hukuma, kuma ɗalibi ba ya ajiye haƙƙinsa na ɗan ƙasa a bakin ƙofa ranar da ya yi rajista. Ikon da sashe na 17 ya bayar iko ne na gaske, amma ba zai yiwu shugaban jami'a ya gamsu cewa ɗalibi ya yi laifi ta hanyar da ta saɓa wa adalci ba. Kafin a raba mutum da karatunsa wajibi ne a gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi, a sanar da shi abin da shaidu suka faɗa a kansa, a ba shi damar gyara ko ƙaryata shi. Kasancewar an kira ɗalibi gaban kwamiti an yi masa tambayoyi bai wadatar ba, domin akwai bambanci mai girma tsakanin wanda aka kira don ya taimaka wa bincike da wanda aka gaya wa cewa shi ne ake zargi kuma makomarsa ce a kan tebur. Na farko yana ba da labarin abin da ya gani. Na biyu yana buƙatar shiri, da shaidunsa, da sanin wanda ya ambace shi da abin da ya ce.

Abu na biyu shi ne batun shugaban kwamitin. Kotu ba ta ce mataimakin shugaban jami'ar ya yi son zuciya ba, kuma doka ba ta buƙatar a tabbatar da haka. Ma'aunin shi ne ko mutum mai hankali da ke kallo daga gefe zai ga akwai yiwuwar a karkata. Wanda aka yi wa ɓarna a tarzoma wurinsa a zaman shari'a shi ne wurin mai ƙara ko na mai shaida, kuma komai tsarkin zuciyarsa, ba a ɗora shi a kujerar alƙali a kan waɗanda ake zargi da yi masa ɓarnar. A nan ne, a ganina, jami'ar ta yi kuskuren da ya fi kowanne sauƙin kaucewa, domin ba ta rasa manyan malamai ko 'yan majalisar gudanarwa waɗanda tarzomar ba ta taɓa su ba.

Waɗannan ƙa'idoji biyu ba baƙi ba ne ga mai karatu a ƙasar Hausa ko Borno, ko da bai taɓa buɗe littafin dokar Turawa ba. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika Sayyidina Aliyu Yaman a matsayin alƙali, ya umarce shi da kada ya yanke hukunci tsakanin masu husuma biyu har sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Musulunci na Arewa suke aiki da shi, alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko yana da suka a kan shaidun da aka kawo, kuma kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci suna rushe hukunci saboda rashin yin hakan. Haka kuma ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, alƙali kuma ba ya yi wa kansa hukunci. Ina kawo wannan ne saboda akan ji wasu malamai da iyaye suna cewa maganar haƙƙin ɗalibi shigo-shigo ce da za ta lalata tarbiyya, alhali abin da Kotun Ƙoli ta nema daga Jami'ar Maiduguri bai wuce abin da alƙalin ƙaramar kotun yanki yake yi wa mai rigimar gona ba.

Abu na uku shi ne ya fi jawo muhawara, kuma shi ne ya sa sunan wannan shari'a ya zagaye ƙasar. Kotun ta lura cewa abubuwan da aka jingina wa ɗaliban, wato cinna wuta, da sata, da lalata dukiya, da cin zarafin mutane, manyan laifuffuka ne a ƙarƙashin dokar Final Kod da ke aiki a Arewa tun 1960. Tsarin Mulki kuwa ya danƙa ikon shari'a ga kotuna, ya kuma ce wanda ake tuhuma da aikata laifi yana da haƙƙin a yi masa shari'a a gaban kotu, ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar. Saboda haka kotun ta ce shugaban jami'a da kwamitinsa ba su da hurumin yanke cewa wane ya ƙona, wane ya sata; abin da ya kamata shi ne a miƙa maganar ga 'yan sanda a gurfanar da waɗanda ake zargi, idan kotu ta same su da laifi sai jami'a ta ɗauki nata matakin. Dalilin da ke bayan wannan yana da ƙarfi. Takardar kora da ta ce an kori mutum saboda ƙone-ƙone da sata tabo ce da za ta bi shi duk inda ya nemi makaranta ko aiki, kuma kwamitin malamai ba shi da kariyar da kotu take ba wanda ake tuhuma: babu lauya, babu ƙa'idojin karɓar shaida, babu sharaɗin a tabbatar da laifi ba tare da wani kokwanto ba.

Yana da muhimmanci a lura da abin da kotun ba ta faɗa ba. Ba ta wanke ɗaliban ba, ba ta kuma ce sun aikata ba, domin ba wannan tambayar aka kawo gabanta ba. Mai yiwuwa ne a cikin waɗanda aka kora akwai masu hannu dumu-dumu, mai yiwuwa ne kuma akwai wanda tsautsayi ya sa aka ga fuskarsa a wurin, ko wani mai jin haushinsa ya ambaci sunansa. Illar hanyar da aka bi ita ce ta hana kowa sanin wanne ne wanne. Waɗanda aka yi wa ɓarna su ma sun yi asara a nan, domin hukuncin da aka yanke domin share musu hawaye ya rushe, kuma shekara uku bayan tarzoma ba lokaci ne da ake tattara shaida a fara sabuwar tuhuma cikin sauƙi ba.

A nawa nazarin, ƙa'idojin farko guda biyu daidai suke ba tare da wani sharaɗi ba, amma ta ukun, idan aka ɗauke ta a kan faɗinta, tana ɗaure hannun makaranta fiye da kima. Kusan duk wani babban rashin ɗa'a a makaranta yana da suna a kundin laifuffuka. Dukan ɗalibi ɗan'uwa laifi ne, ɗauke wayar wani laifi ne, ƙirƙirar takardar sakamako laifi ne, satar amsa a jarrabawa ma laifi ce da aka yi wa doka ta musamman a 1999. Idan aka ce makaranta ba za ta taɓa ɗalibi a kan ɗayan waɗannan ba sai kotu ta gama, alhali kowa ya san yadda shari'a take jan ƙafa a Nijeriya, to wanda aka kama da takardar amsa a aljihu zai kammala digirinsa ya tafi bautar ƙasa kafin a kira ƙararsa karo na uku. Akwai kuma wata illa da ba a cika ambata ba: tura kowane ƙaramin al'amari ofishin 'yan sanda ba rahama ba ce ga matashi, domin kwana a bayan kanta da shiga kundin masu laifi sun fi dakatarwar zango ɗaya muni nesa ba kusa ba.

Ita kanta Kotun Ƙoli ta ga wannan, ta kuma riƙa rage kaifin ƙa'idar sannu a hankali. A 1989, a shari'ar Hukumar Ma'aikatan Tarayya da Laoye, Mai Shari'a Kayode Eso ya bayyana cewa bai kamata a fahimci hukuncin Garba a matsayin haramta ladabtarwa duk inda aka ambaci laifi ba, musamman idan wanda ake zargi ya amsa da bakinsa. A 1996, a shari'ar Yusuf da bankin Union, kotun ta ce mai ɗaukar aiki ba sai ya jira an gurfanar da ma'aikaci a kotu kafin ya sallame shi saboda babban rashin ɗa'a ba, muddin ya ba shi damar kare kansa. A ɓangaren ɗalibai kuwa, shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba ta 2004 ita ce ta fi fito da sauyin fili. A can an samu kayan da ake dangantawa da ƙungiyar asiri a ɗakin wani ɗalibi, jami'a ta dakatar da shi kafin a kammala bincike, kuma Kotun Ƙoli ta ce jami'a tana da ikon yin hakan domin kare sauran ɗalibai da zaman lafiyar harabarta, tunda dakatarwa kafin bincike ba yanke hukuncin laifi ba ce. A 2006 kuma, a shari'ar Jami'ar Ilori da Oluwadare, wadda ta taso daga zargin maguɗin jarrabawa, kotun ta nuna cewa zama ɗalibi ba ya cikin jerin haƙƙoƙin da babi na huɗu na Tsarin Mulki ya lissafa, don haka wanda ainihin buƙatarsa ita ce a mayar da shi makaranta ba zai bi gajeriyar hanyar ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam ba, sai ya shigar da ƙara ta hanyar da aka saba.

Duk da wannan sassauci, babu ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen da ya taɓa tushen. Sashe na 33 na 1979 shi ne ya zama sashe na 36 a Tsarin Mulkin 1999, kuma har yau makarantar da ta kori ɗalibi ba tare da sanar da shi tuhuma ba, ko ta sa wanda aka yi wa laifi ya shugabanci zaman, tana tsaye ne a inda Jami'ar Maiduguri ta tsaya a 1983.

Akwai farashin da rahoton shari'a ba ya nunawa, shi ne lokaci. Daga ranar korar zuwa ranar hukuncin Kotun Ƙoli an yi kusan shekara uku, kuma a tsakanin an kifar da gwamnatin Shehu Shagari a ƙarshen Disambar 1983, an kifar da ta Janar Muhammadu Buhari a Agustan 1985, shugaban jami'ar da aka yi korar a zamaninsa ya zama Ministan Ilimi. Shekara uku a rayuwar ɗalibin jami'a kusan tsawon digiri ne sukutum. Waɗannan ɗalibai kuma sun yi sa'ar samun ɗaya daga cikin fitattun lauyoyin ƙasar da ya tsaya musu har ƙarshe, abin da ɗan talakan da aka kora daga makarantar kwana a ƙauye ba zai samu ba. Wannan shi ya sa nake ganin amfanin hukuncin na gaskiya ba a zauren kotu yake ba, a ofishin shugaban makaranta yake, a ranar da ake zaɓen waɗanda za su zauna a kwamiti da rubuta takardar gayyata. Wata uku kacal bayan hukuncin, a Mayun 1986, matakin ladabtarwa da hukumar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ɗauka a kan wasu shugabannin ɗalibai ya haifar da zanga-zangar da ta ƙare da harbin 'yan sanda da asarar rayuka a ranar 23 ga watan. Al'amuran biyu ba iri ɗaya ba ne, amma na Zariya ya nuna cewa hukuncin da ɗalibai ba su yarda da adalcinsa ba yana iya zama mafarin sabuwar fitina maimakon ƙarshen tsohuwa.

Tambayar da ta fi shafar yawancin iyaye ita ce ko wannan ƙa'ida ta sauko har makarantun sakandare da firamare. Tsarin Mulki bai ware shekaru ba. Ya ce kowane mutum. Kotun Ƙoli ta ƙara fito da wannan a ranar 17 ga Yuni, 2022, lokacin da ta tabbatar da cewa Gwamnatin Jihar Legas ba za ta hana ɗalibai mata Musulmi sa hijabi a makarantunta ba, ƙarar da aka shigar a madadin 'yan mata masu ƙananan shekaru. Idan haƙƙin addini yana bin yarinya har cikin aji, babu dalilin da zai sa haƙƙin a ji ta bakinta ya tsaya a waje. Ba ana nufin firinsifal ya kafa kotu da lauyoyi duk lokacin da yaro ya makara ba. Nauyin tsarin yana bin nauyin hukuncin ne. Sharar fili ko yankan ciyawa ba sa buƙatar fiye da tambayar yaro dalilinsa. Amma idan maganar ta kai ga dakatarwa ko kora, to a rubuta tuhumar, a kira iyaye ko mariƙi tun kafin a yanke shawara ba bayan an buga takarda ba, a bar yaron ya ji abin da aka faɗa a kansa, kuma malamin da aka yi wa rashin kunyar ya zo a matsayin mai shaida, ba shugaban kwamitin ladabtarwa ba. Inda ake tsoron a cutar da ɗalibin da ya ba da shaida, ana iya karanta wa wanda ake zargi ƙunshiyar maganar a ba shi damar amsawa, wanda ya fi a ɓoye masa komai. Ga yaran da ke shekaru tara na farko na makaranta kuma akwai ƙarin nauyi, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 sun wajabta musu karatu, don haka korar ɗan ƙaramar sakandare ba tare da nema masa wata makaranta ba tana karo da wajibin da gwamnati ta ɗora wa kanta.

Haka abin yake ga bulala. Sashe na 55 na Final Kod ya ba malamin makaranta kariya idan ya hori yaron da ke ƙarƙashin kulawarsa wanda bai kai shekara 18 ba, amma da sharuɗɗa: kada horon ya kai ga mummunan rauni irin karaya ko lalata ido ko ji, kada ya wuce hankali a nau'insa ko yawansa idan aka dubi shekarun yaron da lafiyarsa, kuma kada a yi shi ga wanda bai kai fahimtar dalilin horon ba. Sashen ya ambaci iyaye da mariƙa da malamai, bai ambaci siniyoyi da firifet-firifet waɗanda a makarantun kwana da yawa su ne suke riƙe da dorina da dare ba. Kuma tunda doka ta kira abin gyara, dole a fara tabbatar da akwai abin gyarawa. Malamin da ya shigo aji ya tarar da surutu ya zane kowa daga layin gaba zuwa na baya bai bambanta mai laifi da marar laifi ba, kuma abin da ya koya wa yaron da ya yi shiru shi ne shirunsa bai amfane shi da komai ba. Irin wannan tunani ne yake bayan kuɗin ɓarna da akan ɗora wa kowane ɗalibi bayan tarzoma kafin a bar shi ya koma makaranta. Akan kare shi da cewa wake ɗaya ke ɓata gari, amma alƙaluman Maiduguri sun nuna inda matsalar take, domin idan 500 ne suka fito daga cikin 4,000, to kashi bakwai cikin takwas na ɗaliban ba su fito ba.

Giɓin da ya rage, wanda hukuncin Garba bai rufe ba kuma hukuncin Esiaga ya ƙara buɗewa, shi ne dakatarwa marar wa'adi. Tunda an yarda makaranta ta dakatar da ɗalibi kafin bincike ba tare da ta saurare shi ba, hukumar da ba ta son wahalar kafa kwamiti mai adalci tana iya rubuta takardar dakatarwa har sai abin da hali ya yi, ta bar maganar ta kwanta, zango ya wuce, jarrabawa ta wuce, ɗalibin ya gaji ya nemi wata hanya. A takarda ba a kore shi ba, don haka ƙofar kai kuka gaban majalisar gudanarwa ba ta buɗe masa sosai ba, kuma idan ya je kotu za a ce ya yi gaggawa tunda ba a yanke hukunci ba tukuna. Gyaran wannan ba ya buƙatar sauya Tsarin Mulki. Majalisun jami'o'i da ma'aikatun ilimi na jihohi suna da ikon rubuta wa'adi a cikin ƙa'idojinsu, a ce dakatarwar bincike ba za ta wuce makonni kaza ba, kwamiti ya zauna a cikin wannan lokaci, idan bai zauna ba ɗalibi ya koma aji, idan kuma jarrabawa ta riske shi yana dakace a bar shi ya rubuta a riƙe sakamakon har a gama.